Kujera Ta Biyu

Ofishina a da sito ne.
Har yau warin alli da tsohon siminti bai bar bangon ba.
Tebur ɗaya, kujera biyu,
taga mai kallon famfon da ya daina zuba
tun zamanin shugabar da ta yi ritaya.
A ƙofa an rubuta Jagoranci da Shawara.
Yara kan ce ɗakin Malama Asabe,
malamai kan ce ɗakin hutu.

Bakwai da rabi na sauko daga bas ɗin Sabon Tasha,
mun tsallako gada, kogi ya cika ya yi jajir.
Ban ajiye jaka ba aka turo Tanimu
da 'yar takarda: barci a aji, karo na biyar.
Ban tambaye shi dalili ba.
Na dubi faratansa, fulawa ta maƙale a ciki,
rigarsa tana ƙamshin tanda.
Gidan burodi a Kakuri, sha ɗayan dare zuwa asuba,
tun da ciwon baya ya kwantar da uban.
Na ce kifa kanka nan, minti ashirin.
Na aika wa malamin lissafi: yana wurina, muna aiki.
Ban yi ƙarya ba.

Sai Godiya, da fom a ninke gida huɗu.
Baba ya ce likita.
Ita ganin jini jiri yake sa ta,
amma rediyo bai taɓa shiga hannunta ya fita ba a kwance shi ba.
Muka kira Baba, ya yi faɗa har katina ya ƙare.
Na ce ya zo Laraba.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse;
ni shayi nake dafawa,
in miƙa da zafinsa,
kafin ya huce, uba ya huce.

Bayan tara, Shu'aibu da Barnaba,
leɓe a fashe, maɓalli a tsinke.
Ɗaya daga Rigasa, ɗaya daga Romi.
Kalmomin da suka jefi juna da su sun girme su,
a gida suka tsince su, ko a bakin shago.
Kujerar baƙo ɗaya gare ni.
Na ce ku zauna.
Suka dubi juna, suka dubi kujera,
kowa ya ɗosana rabi,
kafaɗa na gugar kafaɗa.
Ba su shirya ba.
Amma sun gane in ɗaya ya zabura, ɗaya zai faɗi.

Murjanatu takan zo ranar Alhamis.
Makon farko ƙadangare ta kalla a taga har aka kaɗa ƙararrawa.
Mako na biyu ma haka.
Yau ta yi magana.
Abin da ta faɗa ba zai shiga rajista ba,
ba zai shiga wannan waƙa ba.
Na dai riƙe lambar gwaggonta
da ta wata ma'aikaciyar jinya a Barnawa.

Ƙarfe biyu mataimakin shugaba ya leƙo:
Malama, wannan zangon nawa kika gyara?
Kamar mai faci a bakin titin Kawo.
Na ce rubuta arba'in da bakwai sun zo.
Ya ce sun gyaru?
Na ce sun dawo.

Da aka tashi, fili ya koma na awaki,
na zaga tebur na zauna a kujera ta biyu.
Ashe ƙafarta ɗaya gajera ce,
duk motsi sai ta yi ƙara,
shekara tara ba wanda ya faɗa mini.
Daga nan ana ganin tsagar bango,
da kalandar bara,
da kujerata, wayam.

A gida ɗana Iliya kwana shida ke nan
ba ya ce mini komai sai ina kwana.
Na yagi kwali, na ninke, na cusa ƙarƙashin ƙafar.
Na zauna na gwada. Ta yi shiru.
Na kulle ƙofa, na nufi bakin titi
kafin kuɗin mota ya hau.